Idan ciwon daji ya kama jijiya: yadda ake ganewa da abin da za a yi

Mai ciwon daji da ya ce hannunsa ya sage, ko leɓensa ya mutu, ko bayansa na ɗaure shi da dare har ya hana shi barci, yana faɗa muku inda ciwon ya kai ne tun kafin hoto ya nuna. Sau da yawa irin wannan kuka yakan ƙare da farasitamol da man zafi, a ce a dawo bayan mako 2. A wasu lokutan waɗannan makonni 2 su ne ke raba wanda zai ci gaba da takawa da wanda zai kwanta ba tashi. Shi ya sa muka rubuta wannan bayani domin ma'aikatan lafiya na asibitocin karkara da na ƙananan hukumomi a Jihar Kebbi, daga Kamba zuwa Zuru, da kuma masu jinya a gida. Magungunan da aka ambata da adadinsu likita ne ke rubuta su, an kawo su ne don mai jinya ya fahimci abin da ake ba mara lafiyarsa, ya kuma san abin da zai tambaya.

Yadda ƙari ke cin moriyar jijiya

Jijiyar da ake nufi a nan ita ce ta saƙo, mai kai ji da motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran jiki, ba ta jini ba. Kowace jijiya tarin zare ne sirara, lulluɓe da marufi hawa 3. An daɗe da sanin daji na yaɗuwa ta jini da ta kaluluwa. Akwai hanya ta uku: ƙwayoyin daji su kewaye jijiya ko su kutsa cikin marufinta, su riƙa binta a tsaye har su yi nisa da inda ƙarin yake. Wannan ya fi yawa a dajin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, inda ake samunsa a fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki. Yana da yawa kuma a dajin furostet na maza, da na baki da maƙogwaro da guraben yawu, da na tumbi da dubura da bakin mahaifa.

A da an ɗauka jijiyar hanya ce kawai da ƙari ya samu a buɗe ya bi. Bincike ya nuna kowane ɓangare na kiran ɗan'uwansa. Ƙari yana fitar da sinadaran da ke sa jijiya toho, irin su NGF, sai jijiyoyin da ke kusa su miƙo sababbin rassa cikinsa. Rassan kuma suna zubar da sinadaran saƙo, musamman noradirenalin, wanda jiki ke saki lokacin firgita da damuwa. Ƙwayoyin daji da yawa suna da makarɓar wannan sinadari a jikinsu. Idan ya sauka a kansu yakan taimaka wajen tsirar da sababbin hanyoyin jini zuwa ƙarin, ya kuma rage kaifin garkuwar jiki a wurin. A 2013 masu bincike a New York sun nuna a jikin ɓeraye cewa datse irin waɗannan jijiyoyi yana rage tsirowa da yaɗuwar dajin furostet, suka kuma ga cewa a naman da aka cire wa mutane, ƙarin da ya fi yawan jijiyoyi shi ya fi mugunta. A 2014 wasu a Norwe da Amurka suka ga makamancin haka a dajin tumbi. A 2019 aka gano a Stanford da Heidelberg cewa wani dajin ƙwaƙwalwa yana ƙulla mahaɗa ta gaske da ƙwayoyin jijiya, yana karɓar saƙonsu na lantarki yana girma da shi.

Sai batun ƙarfi, wanda shi ne ya fi ba da mamaki. Ƙwayar halitta tana iya samun ƙarfinta daga sukarin da ke cikin jini, kuma hanya biyu ce. Ta gaggawa ita ce a fasa sukarin ba tare da iskar oksijin ba, a samu ƙwayar ƙarfi 2 kacal, abin da masana ke kira ATP, daga kowace ƙwayar sukari. Ta biyu tana faruwa ne a cikin wasu ƙananan sassa na ƙwayar halitta da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙone sukarin da oksijin a samu kusan 30. Tun shekarun 1920 Otto Warburg na Jamus ya lura ƙwayoyin daji sun fi son hanyar gaggawa ko da akwai oksijin, shi ya sa suke shan sukari da yawa. Wannan yana isar ƙwayar da ke zaune cikin ƙari tana rarrabuwa. Wadda za ta yi ƙaura kuwa aiki na jiranta: ta ɓalle, ta huda bangon jijiyar jini, ta jure wa gudun jini da ƙwayoyin garkuwa, ta fita, ta kafu a gaɓar da ba tata ba. Gwaje-gwajen ɓeraye tun 1970 sun nuna ƙasa da 1 cikin 1,000 na ƙwayoyin da suka shiga jini ne ke iya kafa sabon ƙari. Waɗanda suka tsira su ne masu juriya da wadatar ƙarfi.

Ƙwayoyin jijiya kuwa cike suke da maitokondiriya, domin aikinsu na cin ƙarfi ƙwarai. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfinsa. A Yunin 2025 mujallar Nature ta buga wani bincike da Jami'ar Kudancin Alabama ta jagoranta, wanda ya nuna ƙwayoyin dajin mama suna ƙulla siraran bututu da ƙwayoyin jijiya, maitokondiriya su bi ta ciki su koma jikin ƙwayar dajin. Masu binciken sun yi wata dabara da ke sa duk ƙwayar da ta karɓa ta canza launi har abada, ita da 'ya'yanta, sannan suka bi sawunsu a jikin ɓeraye. A ƙarin asali kusan 5 cikin 100 ne ke da alamar. A waɗanda suka yaɗu zuwa huhu kusan 27 ne, a ƙwaƙwalwa kuma kusan 46. Wato 'yan tsirarun da suka samu kayan jijiya su ne suka fi kai labari a tafiyar. Kafin wannan, a 2020, an nuna cewa idan dajin fankiriyas ya rasa wani sinadarin gina jiki mai suna serin, jijiyoyin da ke kewaye da shi sukan zubo masa. Manomin gero ya san ƙuduji: saiwarsa yake liƙawa a saiwar gero ya sha abin da geron ya tara, kuma kafin furensa ya fito fili gonar ta riga ta rame.

Yawancin waɗannan sakamako a ɓeraye da ɗakin gwaji aka same su, ba su kai ga zama magani a asibiti ba tukuna. Abin da ya tabbata a jikin mutane shi ne ƙarin da ya kama jijiya ya fi zafi, ya fi saurin dawowa bayan aiki, kuma yana buƙatar a bi shi da gaggawa.

Tambaya da dubawa, ba tare da wata na'ura ba

A zaunar da mara lafiya, a bar shi ya faɗi ciwon da bakinsa kafin a sa masa kalma. Ciwon tsoka ko na ƙashi yakan zo da nauyi da tsami a wuri ɗaya. Na jijiya daban yake: ƙuna, suka, tsikari, jin kamar an jona wuta, ko tafiyar kiyashi a ƙarƙashin fata. Wasu sukan ce ko taɓawar riga ko zane ba sa so. Wasu kuma ciwon ba ya damunsu kamar mutuwar wurin, za ka ji tsohuwa ta ce "ƙahwar ta mace". Daga nan a ce, "Inna, nuna mini da yatsa ɗaya inda yake farawa, ki bi shi har inda yake tsayawa." Idan yatsan ya ja layi, daga hammata zuwa ƙaramin yatsa, ko daga ɗuwawu zuwa diddige, ko ya zagaya haƙarƙari daga baya zuwa gaba, jijiya ake magana. A tambayi lokacin da ya fi tsanani, ko yana ta da shi daga barci, ko tari da atishawa da yunƙuri na ƙara shi. A auna ƙarfinsa da yatsun hannu, daga 0 zuwa 5, domin ya fi sauƙin fahimta ga wanda bai saba da lissafin 0 zuwa 10 ba.

Tambaya 2 da kunya ke sa a tsallake, kuma su ne mafi muhimmanci: ko fitsari na fita yadda ya saba, da ko yana jin taɓawar ruwa lokacin tsarki. Mace ta tambayi mace idan da hali, a keɓe, ba a gaban suruki ba.

Kayan dubawa auduga ce da tsinken sakace sabo. Mara lafiya ya rufe ido. A shafa audugar a gefen da ke lafiya, sannan a daidai wurin a ɗaya gefen, a tambaya ko ɗaya ne. A maimaita da tsinken, a taɓa ba a huda ba, a fara daga inda ya mutu a nufi inda ke ji, a sa alama da biro a iyakar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce "kana ji?", domin mai ladabi zai ce yana ji don kada ya ba ma'aikaci kunya. A ce masa ya ce "yanzu" duk lokacin da aka taɓa shi, a riƙa sauya tazara. Sai ƙarfin gaɓa, a rubuta shi da lamba: 5 cikakke, 4 yana turewa amma da rauni, 3 yana ɗaga gaɓar amma ba ya jure turi, 2 yana janta a kan gado kawai, 1 tsoka na motsi gaɓa ba ta motsi, 0 babu komai. A zana hoton mutum a katin, gaba da baya, a shafe wurin da ya mutu, a sa kwanan wata. Wannan zane, idan aka sake shi bayan mako, yakan nuna ko abin na tafiya.

Kowane daji da inda ya saba kamawa. Na mama yakan hau tarin jijiyoyin da ke tsakanin wuya da hammata, sai zogi daga kafaɗa zuwa cikin hannu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su sage, mace ta kasa riƙe ludayi ko ɗaure zane. Na saman huhu yana kawo irin wannan ciwon kafaɗa, wani lokaci tare da faɗuwar fatar ido ɗaya, ƙanƙancewar baƙin idon, da ɗaukewar zufa a wannan gefen fuskar. Na bakin mahaifa da na dubura sukan kama jijiyoyin ƙugu, ciwo ya sauka ta cinya zuwa ƙafa ɗaya, ƙafar ta kumbura ko ta riƙa jan ƙasa. Na fankiriyas ciwo ne a saman ciki mai ratsawa zuwa baya, yana ƙaruwa idan an kwanta rigingine, yana sauƙi idan an duƙa gaba, kuma an sha ɗaukarsa gyambon ciki wata da watanni. Ƙullutu a gaban kunne tare da karkacewar baki a wannan gefen alama ce mai nauyi, domin ƙullutun da ba daji ba da wuya ya shanye fuska. Mutuwar haɓa da leɓen ƙasa a gefe ɗaya, ba tare da ciwon haƙori ba, ga mai dajin mama ko furostet ko na kaluluwa, yakan nuna ciwon ya kai muƙamuƙi ko gindin ƙoƙon kai. Kada a cire haƙori a sallame shi.

Laka: inda awa ke da daraja

Idan daji ya sauka a ƙashin baya, ƙashin na iya rushewa ko ƙarin ya kumbura ya matse laka. Dajin mama da furostet da huhu su ne kan gaba. Ciwon baya ne ke fara zuwa, sau da yawa makonni kafin komai: yana tsananta da dare da kwanciya, yana zagaye ƙirji ko ciki, ana jin zafi idan aka ƙwanƙwasa ƙashin. Daga nan ƙafafu su yi nauyi, tashi daga tabarma ko daga sujada ya gagara, sai sagewa mai hawa daga ƙasa. Da tsinke ake neman iyakarta: idan ji ya ɗauke daga cibiya zuwa ƙasa matsalar na wajen ƙasan ƙirji, idan daga kan nono ne tana can sama. Riƙewar fitsari da zubar bayan gida ba da sani ba su ne na ƙarshe, wanda ya jira su ya makara.

Wanda aka fara yi wa magani tun yana iya takawa, galibi yakan ci gaba da takawa. Wanda ƙafafunsa suka shanye gaba ɗaya fiye da kwana 1 zuwa 2, da wuya su dawo. Don haka duk mai daji da ke da sabon ciwon baya tare da raunin ƙafa, ko sagewa, ko canjin fitsari, ranar nan ake tura shi. A kwantar da shi a miƙe. Idan za a juya shi mutum 3 su juya shi tare, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya. Kada a ɗora shi a babur ko a naɗe shi a kujerar mota, a shimfiɗa katifa a bayan mota ya kwanta. Likita yakan fara da desametason, maganin rage kumburi, miligiram 16, a ci gaba da shi kullum da safe har a yanke shawarar aiki ko gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, tare da maganin kare tumbi da auna sukari, domin yana ɗaga shi. Idan mara ta cika fitsari ya ƙi fita a sa roba. Hoton da ake buƙata shi ne MRI, mai nuna laka kanta, na dukkan ƙashin baya cikin awa 24. Hoton ƙashi na yau da kullum yana iya fitowa lafiya alhali lakar na matse, kada ya kwantar wa kowa hankali. Idan ciwon bayan ne kaɗai ba rauni ba sagewa, a nemi hoton cikin mako 1.

A nan ƙasar dole a tuna da tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke zuwa da kama ɗaya kuma yana warkewa da magani. Wanda ba a taɓa tabbatar masa da daji ba, kada a yanke masa hukunci da ido.

Haka ma ba kowace sagewa ce aikin ƙari ba. Magungunan kemo, wato na kashe ƙwayoyin daji, irin su paclitaxel da cisplatin da vincristine da oxaliplatin suna taɓa jijiya, amma nasu yakan kama tafin ƙafa biyu da yatsun hannu biyu daidai wa daida, yana farawa bayan 'yan zagaye. A gaya wa likitan kemo kafin zagaye na gaba don ya rage ko ya sauya. Ciwon sukari da maganin tarin fuka na isoniazid suna yin irin haka. Kuturta tana zuwa da tabo mai haske wanda ba ya ji. Na ƙari yawanci gefe ɗaya ne, yana da zafi, kuma kullum gaba yake yi.

Ɗibar nama da karanta takarda

Ido da hoto ba sa tabbatar da ƙwayoyin daji sun shiga marufin jijiya. Likitan gwajin nama ne ke gani a madubin ƙara girma, kuma aikinsa ya dogara da yadda naman ya iso masa. Da an cire shi a sa shi cikin ruwan fomalin mai kashi 10, wanda ke hana nama ruɓewa, cikin awa 1. Ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10, a mazubi mai faɗin baki, domin nama yakan taurare ya ƙi fita ta ƙaramin baki. Babban ƙari likita ya tsattsaga shi don ruwan ya ratsa, in ba haka ba waje ya kamu ciki ya ruɓe, musamman a zafin Maris da Afrilu. Naman mama yana son awa 6 zuwa 72 a ruwan, wuce haka yana ɓata gwajin da ke nuna irin maganin da zai karɓa. Ba a sa shi a ruwan gishiri ko a firiza. A rubuta suna da wurin da aka ciro da gefen a jikin mazubin, ba a murfi kaɗai ba. A takardar rakiya a ambaci alamun jijiya da aka gani, domin hakan na sa mai dubawa ya ƙara yanka ya nema, har ya yi amfani da rini na musamman mai suna S100 da ke fito da jijiya fili.

Duk abin da aka cire daga jikin mutum a kai shi gwaji. Ƙullutun da aka yanke aka ba dangi suka binne ya tafi da amsar da ba za a sake samu ba.

Sakamakon da Turanci yake zuwa. A nemi inda aka rubuta "perineural invasion" ko PNI, wato daji ya kama jijiya, a ga ko an ce akwai ko babu. Ana cewa akwai idan ƙwayoyin sun shiga ɗaya daga hawa 3 na marufin, ko sun kewaye aƙalla kashi 1 cikin 3 na jijiyar. A duba kuma abin da aka ce game da gefen yanka, ko an bar daji a bakinsa. Samun PNI ba ya nufin magani ya ƙare. Yana nufin likita zai auna ƙarin mataki bayan aiki, gashi a dajin baki da wuya da fata, ko kemo a dajin hanji, kuma za a riƙa duba mutum a kai a kai. Rashinsa a ɗan guntun da aka ɗiba da allura ba tabbaci ba ne, domin allurar na iya kuskure jijiyar.

Maganin zogi

Farasitamol, giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, yana taimakawa amma shi kaɗai ba ya kwantar da ciwon jijiya. Diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ana sha ba lissafi sun fi kawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda fiye da sauƙi. Maganin da ke aiki a kan jijiya iri 2 ne a hannunmu. Amitriptyline ana farawa da miligiram 10 zuwa 25 da dare, a ƙara a hankali mako-mako, galibi ba a wuce 75 ba. Yana busar da baki, yana sa barci, kuma ana taka-tsantsan da shi ga tsoho, da mai ciwon zuciya, da mai wahalar fitsari. Gabapentin ana farawa da miligiram 100 zuwa 300 da dare a ƙara zuwa sau 3 a yini, ko pregabalin miligiram 75 sau 2, a rage ga mai raunin ƙoda. Dalilin da ya fi sa su kasa aiki shi ne a sha kwana 3 a ce ba su yi ba a watsar. Suna buƙatar mako 1 zuwa 2, kuma ba a yanke su lokaci ɗaya.

Ciwo mai tsanani mofin yake so, kuma tsoronsa ya jawo wa mutane wahalar da ba dole ba. Na sha ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa 4, bisa agogo, ba sai ciwo ya taso ba. Idan ya ɓullo a tsakani a ƙara kashi ɗaya daidai da na awa 4, a rubuta. Idan ana buƙatar ƙarin fiye da sau 2 ko 3 a yini, likita ya ɗaga adadin da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Tun ranar farko a haɗa da maganin sassauta ciki, bisacodyl miligiram 5 zuwa 10 da dare, domin taurin bayan gida ba ya barin mai shan mofin. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan wuce cikin 'yan kwanaki. Idan mutum ya ƙi farkawa ko numfashinsa ya sauka ƙasa da 8 zuwa 10 a minti, a tsayar a kira likita nan take. A kulle maganin inda yara da matasa ba za su kai ba. Tramadol kada ya wuce miligiram 400 a yini, kuma haɗa shi da amitriptyline na ƙara haɗarin farfaɗiya. Ga dajin fankiriyas akwai allurar kashe tarin jijiyoyin da ke bayan tumbi, ga ciwon ƙashi kuma gashi na zama ɗaya tak yakan kawo sauƙi. A tambayi likitan daji ko mara lafiyar ya dace da su.

Gaɓar da ta mutu ba ta jin ƙuna. A hana gasa ta da garwashi ko ruwan zafi, a auna ruwan wanka da hannun mai jinya, a duba tafin ƙafa kullum, a juya wanda ke kwance duk awa 2 saboda gyambon kwanciya. Sakiya da ƙaho da tsaga a kan ƙari ko a gaɓar da ta sage suna buɗe gyambon da ba ya rufuwa.

Inda ake karkatar da wannan ilimi

Da jin cewa daji na shan sukari, wasu sukan hana mara lafiya shinkafa da tuwo da fura wai don a kashe ciwon da yunwa. Jiki ba ya barin sukarin jini ya ƙare, domin ƙwaƙwalwa da shi take rayuwa. Idan bai shigo ta baki ba hanta za ta haɗa shi daga tsokar mutum, ƙarin ya samu rabonsa, mara lafiya ya ƙare. Ramammen jiki kuma ba ya ɗaukar kemo ko aiki. Abin da ake nema shi ne giram 1 zuwa 1.5 na sinadarin gina jiki a kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 50 yana son 50 zuwa 75, ƙwai 1 kuma yana ba da kusan 6. Kifi, wanda Allah ya hore a Yawuri da Argungu, da wake da nono da kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli su ne za su cike, kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini. Mai ciwon sukari ne kaɗai ke da lissafi na daban.

Haka nan maganin hawan jini na propranolol, mai toshe saƙon noradirenalin, ana gwada shi a kan masu daji a ƙasashe da dama, amma bai zama magani ba, kuma yana iya toshe numfashin mai asma. Allurar Botox da yanke jijiya da aka yi wa ɓeraye hanyar bincike ce. Kuma kada a ce wa mara lafiya damuwarsa ce ta jawo masa ciwon ko take yaɗa shi. Ba a tabbatar da haka ba, kuma nauyi ne a kan wanda ya riga ya ɗauki mai yawa.

Idan za a tura mara lafiya gaba, Birnin Kebbi ce zangon farko, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Sir Yahaya, ko babban asibitin jiha da ke Kalgo. Gashi kuwa mafi kusa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sai Zariya da Abuja. A kira a tabbatar da ranar ganin likita kafin a ɗauko mai ciwon baya a hau hanya. A tafi da takardar gwajin nama ta asali, da hotunan kansu ba rahotonsu kaɗai ba, da kwalayen duk maganin da yake sha har na gargajiya, da zanen jikin nan mai kwanan wata. A takardar turawa a rubuta rana da awar da ya yi tafiyarsa ta ƙarshe da ƙafarsa, da lambar ƙarfin kowace ƙafa, da lokacin da aka ba shi desametason, domin da su likitan da zai karɓe shi zai zaɓi tsakanin aiki da gashi.